Wata Bakwai Ina Gadin Roba a Badun

Ranar da jirgi ya sauke mu a Badun, mijina Malam bai fi nauyin damin gero biyu ba. Na sani, domin ni na sauko da shi daga tarago a bayana, mutane suna kallo, ban kuma damu da kallonsu ba. Kwana arba'in da 'yan kai rabonsa da haɗiye lomar tuwo. Ruwa ma sai ya kurɓa kaɗan, ya riƙe a baki, ya jira ya tsiyaya da kansa.

Bari in faɗi abin da ya same shi da bakina, kada wani ya faɗe shi a karkace. Sana'ata sabulu ce. Ni na jiƙa soda a ƙwarya, na aje kusa da randa, na shiga ɗaki ɗauko mai. Shi kuwa ya dawo daga gona da ƙishirwa, ya ga ruwa garai-garai, ya kafa kai. Kurɓa biyu ya yi. Bakinsa ya warke a asibitin Gusau, amma maƙoshin ya riƙa tsukewa kullum kamar bakin jaka ana jan zarenta. Likita ya rubuta takarda zuwa ga wani likitan maƙoshi da ya sani a Kudu, ya ce kada mu ɓata lokaci. A garinmu Bungudu kuwa an riga an gama shari'a: Kulu ta kashe mijinta da sabulu. Uwarsa Inna ba ta ce mini uffan ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ɗiyata Lantana na yaye ta dole tana wata goma sha huɗu, na kai wa tsohuwata a Rawayya. Wannan shekara biyu ke nan bayan an canja kuɗi zuwa naira.

Mutum na farko da ya yi mana Hausa a tashar Badun ɓarawo ne. Farar riga, hula a karkace, murya kamar ta mai wa'azi.

"Sannunku da hanya, bayin Allah. Asibiti ko? Ai ni masinjansu ne, aikina ke nan tarbar marasa lafiya."

Kafin in buɗe baki ya ɗora buhun geronmu a kai, ya rataya ƙunshin tukunya da buta da tabarma. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi takardar likita ya fara shigar mana da ita.

Na ce, "Takarda tana wurin da ba ka isa ka kai hannu ba."

Ya yi dariya ya ce mu jira ya kira mota. Muka jira har inuwa ta juya. Ban yi kukan tukunya ba, amma geron nan na gonarmu ne ta bakin fadama, Malam ya noma shi da hannunsa, ni na sussuka. Wata Bayarabiya mai tallan lemo ce ta gaji da kallonmu. Ta aje farantinta wurin maƙwabciyarta, ta kama ɗaya hannun Malam, ta tsayar da tasi, ta zazzaga wa direba magana tana nuna shi da yatsa kamar ɗanta. Ba mu haɗa kalma ko ɗaya da ita ba. Har yau in na ga lemo sai na yi mata addu'a.

Kwana uku da kwantar da shi aka shiga da shi ɗakin tiyata. Ni duk zatona maƙoshin za su buɗe. Da aka fito da shi na ɗaga mayafi, sai ga wuya lafiya lau ba ko ƙwarzane, amma a cikinsa, hagu, ƙasan haƙarƙari, ga wata jar roba mai kaurin ɗan yatsa ta fito, an toshe bakinta da ɗan itace. Na tashi tsaye a tsakiyar ɗakin marasa lafiya na ɗaga murya. Na ce maƙoshi muka kawo, wa ya aike su ciki? Likita yana Turanci, ina Hausa, kowa na nasa. Sai na ji an ce daga bayana:

"Ke, ɗiyar ina ce da wannan hwaɗa haka? Mi anka yi maki?"

Na juya. Wata gajeriyar nas ce, baƙa, da farar hula da ɗan gicciye a wuya. Amma muryar nan ta kasuwar Gusau ce tsaf. Na zauna a bakin gado.

Sunanta Sista Abigel. Bayarabiya ce, amma a Sabon Garin Gusau aka haife ta, ubanta yana da shagon yadi. Tana 'yar shekara goma sha biyar aka turo ta karatu Kudu, iyayen suka biyo baya, ba ta sake komawa ba. Kafin ta yi mini bayanin roba sai da ta tambaye ni ko har yanzu ana sayar da hoce a bakin tasha, ko gulbi yana cika har ya hana ƙetarewa. Na ce awo. Ta hau gyara zanen gadon da ba ya bukatar gyara.

Sannan ta ce, "Saurara, Kulu. Maƙoshi ba ya buɗuwa rana ɗaya, kuma mijinki ba shi da ƙarfin jira da yunwa. Wannan roba ita ce bakinshi yanzu. In ta zauna lahiya, ya rayu. In ta toshe, ko ta fita, ko wurin ya ruɓe, aikin ya dawo baya, kuma jikin nan ba ya ɗaukar yanka na biyu. Likita ya gama nashi. Saura naki."

Sati uku tana koya mini kamar mai horon amarya, ba sassauci. Ranar farko ta doke mini hannu domin na taɓa robar ban wanke shi ba. "Mai sabulu ba ta san wanke hannu ba!" Duk ɗakin suka yi dariya ba su san me ta ce ba. Koko sai an dama shi ruwa-ruwa, a kaɗa ƙwai da madara da ɗan man gyaɗa a ciki, wata rana romon ƙashi, a tace da farin ƙyalle sau biyu. In ɗiga a bayan hannuna: in na ji zafi, ya yi masa zafi. In tayar da shi zaune, a jingine, ba a kwance ba, don kada abincin ya taso ya sarƙe shi. In sa mazurari a bakin roba, in fara da dafaffen ruwa, in zuba koko a hankali ya sauka da kansa, in rufe da ruwa kuma don ya wanke hanya. Bayan nan ba zai kwanta ba sai an daɗe.

Na ce, "Daɗewa kamar ƙaƙa? Ni ba ni da agogo."

Ta ce, "Kamar ki tsince shinkafa tiya guda mai tsakuwa."

Ta ɗaura baƙin zare a jikin robar, daidai inda ta haɗu da fata. Kullum da safe in duba: in zaren ya shige ciki ko ya yi nisa da fata, robar ta motsa, kada in zuba komai. Ta ɗinka masa ɗamara ta farin yadi, ta nuna mini yadda zan naɗe robar in maƙale ta da fil, don kada ta yi lilo riga ta fizge ta. Ta ce in ta toshe, in gwada ruwan ɗumi a hankali, in murza ta da yatsu, in ta ƙi in kawo shi. Tsinke kuwa, ko a mafarki.

Ranar sallama ta ba ni wata siririyar roba a ƙunshe a takarda. Ta riƙe hannuna da ita a ciki.

"Wannan ba ta ci ba ce, ta tsaron ƙofa ce. Ramin nan da kike gani, jiki ba ya son shi. In babbar ta fita da azahar, kafin magariba ya fara rufewa. Yanzu wurin ɗanye ne, in ta fita ki rufe da ƙyalle ki rugo, kada ki sa komi. Amma in ya kai wata biyu hanya ta kafu: ki dafa wannan, ki shafa mai, ki zura a hankali zuwa nan inda na yi alama, ki manne da filasta. In ta ƙi shiga kada ki matsa. Ko ta shiga kada ki zuba ko ɗigon ruwa sai likita ya duba. Maimaita."

Na maimaita sau uku. Ta rubuta duka da Hausa a takarda ta ba ni, na ce ban yi boko ba, ta ce in riƙe dai. Shekara takwas bayan nan, da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Bungudu da furfura a kaina, ita ce takarda ta farko da na karanta ni kaɗai. Duk abin da ta faɗa yana ciki. Gumba ce kawai ba ta rubuta ba, kuma wannan ba laifinta ba ne.

Aka sallame mu amma ba a sake mu ba. Kowane sati biyu za mu koma likita ya zura wa Malam wasu sanduna masu santsi a maƙoshi, daga siriri zuwa mai kauri, ko Allah zai sa ya buɗe. Muka samu ɗaki a Sabo, unguwar Hausawa, a gidan wani mai fataucin goro. Ɗaki ne ɗan ƙarami, taga ɗaya, tana kallon bangon wani gidan.

Ban san ana kewar sarari ba sai a garin nan. A Bungudu in ka fita bayan gari idonka zai tafi har ya gaji. A Badun duk inda ka duba rufin kwano ne mai tsatsa, tudu bayan tudu, itatuwa sun rufe sama, ruwa kuma ba ya tambayar wata. Kaya ba sa bushewa. Komai warin manja. Wata biyu nonona bai daina zuba ba. In na ji kukan jinjiri a gidan maƙwabta sai rigata ta jiƙe, in shiga bayan gida in matse a ƙasa ina zagin kaina. Ina dama koko ina lissafi: yanzu an yi huɗa, yanzu gero ya fid da kai, yanzu Lantana ta isa tafiya, ko wa ya riƙe mata hannu?

Malam ya fara murmurewa. Kumatu suka dawo, har ya iya fita ƙofar gida ya zauna da masu goro. Amma wata rana na gama zuba masa koko, ina ɗauraye mazurari, sai ya ce:

"Kulu, yunwar ciki kin kashe ta. Ta baki fa?"

Na gaya wa Sista. Ta ce ya tauna abin da yake so ya tofar, ba laifi, har ma yana da amfani. Daga ranar nake sayo masa tsire tsinke ɗaya. Ya juya wa ƙofa baya, ya tauna idonsa a rufe, ya tofar a gwangwani. Ba ya yarda kowa ya gani sai ni.

"Wannan tsiren na Badun ko kare na Kwatarkwashi ba ya ci," in ji shi.

"To bar shi."

"Miƙo sauran dai."

Ni kuma na sake yin kuskure. A wata na uku na ga ruwa yana ɗan tsattsafowa a gefen robar, sai na cusa tsumma na ɗaure tam, na bar shi kwana biyu don kada iska ta shiga, yadda muke yi wa gyambo a gida. Da na kwance, fatar ta yi ja jawur ta saluɓe kamar an zuba tafasasshen ruwa. Sista ta dube ni sama da ƙasa.

"Ruwan ciki wuta ne, Kulu. Shi ke narka nama. Kin ɗaure mashi wuta a jiki kwana biyu."

Ta koya mini in wanke wurin safe da yamma da dafaffen ruwa, in bushe shi sarai, in shafa wani farin mai mai kauri, in sa ƙyalle ɗaya tak in canja da ya jiƙe. Sati biyu kafin ya warke. Malam dama tun ranar ƙwarya bai taɓa ɗora mini laifi ba, kuma wannan ma wani nauyi ne.

A wata na biyar wansa ya zo. Yaya na Tsafe muke ce masa, malami ne mai almajiran gona, mutum mai nauyin baki. Shekara tara da aurena ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa zama a tabarmar da yake ba. In zan gaishe shi daga bakin ƙofa nake durƙusawa. Ya zo da labarai: an yi girbi, 'yan'uwa sun taru sun cire mana amfani, akuyata ta haifi biyu. Na daure na tambayi Lantana ina kallon ƙasa.

"Tana nan, tana gudu. Ƙanwarki take kira Inna."

Na ce madalla, na fita wai zan duba wuta.

Ya zo da rubutu a kwalba, wannan bai zama rigima ba, domin lokacin Malam yana iya kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Sai ya kwance wata ƙwarya da aka ɗaure da tsohon kallabi. Tun kafin ya buɗe ɗakin ya cika da ƙamshi: gero, citta, kanumfari, ɗan barkono. Gumba ce. Inna ta daka da hannunta, ita da ta shekara biyar ba ta ɗaga taɓarya ba, ta ce a dama wa ɗanta ya sha. Na ga maƙoshin Malam yana motsi.

Na ce, ina kallon bango, "Za a jiƙa ta, in sake niƙawa, in tace, in dafa. Gobe in sha Allah."

Yaya ya ce wa ƙaninsa, ba ni ba, "Gumbar da uwarka ta daka za a tace a zubda rabi? Gumba ai da tsakinta ake sha. In an tace mi ya rage?"

Na ce, "Robar ba ta ɗaukar tsaki."

"Ba da ke nike ba."

Na yi shiru. Wannan shirun shi ne kuskurena na uku, bayan na soda da na tsumma. Da na tsaya na yi masa bayani kamar yadda aka yi mini, da na nuna masa ƙyallen tata da faɗin ramin robar. Amma ina matar ƙani za ta zaunar da wan miji ta koya masa?

Washegari Lahadi. Da hantsi na ba Malam kokonsa, na tafi kasuwa neman ƙashi da ƙwai. Ruwa ya tsare ni a rumfa. Ana kiran azahar na shigo gida.

Abin da na fara gani ƙwaryar gumba ce a dame, da ludayi a ciki. Sai mazurari a ƙasa. Sai tsinken tsintsiya. Malam yana kwance ya danne cikinsa da hular Yaya. Yaya kuwa yana tsugune, jar robar tana hannunsa, dukkanta, har da kanta mai kama da fure da ban taɓa gani ba, domin wurinsa cikin ciki ne.

Daga baya na ji yadda aka yi. Malam ya roƙe shi. Ya dama da kauri yadda ake yi a gida, ya zuba. Ludayi biyu suka shiga, na uku ya tsaya. Ya busa, ta ƙi. Ya zura tsinke, ya karye a ciki. Ya kama robar yana matsa yana ja don ya fid da tsinken, zaren ɗinki ya tsinke, ta zare gaba ɗaya.

"Tun yaushe?" na ce.

Yaya ya ce, "Ba a daɗe ba... tun kafin ruwan ya tsaya. Jini bai zuba da yawa ba. Yau Lahadi, likitoci ba su nan. A ɗaure, gobe da sassafe mu tahi."

Maganganun da suka taso mini a baki, da na sake su da har yau ba a gaisawa tsakanin gidanmu da Tsafe. Na ɗaga kai na dube shi, karo na farko a rayuwata. Idon nan na san shi. Shi na gani a fuskata cikin ruwan randa ranar da Malam yake birgima a tsakar gida. Sai zagin ya koma.

Na ce, "Yaya, tashi. Hura risho. Ɗora ruwa a ƙaramar tukunya."

Ya dube ni.

"Yanzu!"

Ya tashi. Na ciro siririyar robar daga ƙasan akwati na jefa a ruwan, na wanke hannu har gwiwa, na sa shi ma ya wanke. Na ɗaga hular. Ramin da na saba gani kamar bakin kwalba ya tattare ya koma kamar cibiyar jariri. Na wanke gefensa. Na ce Yaya ya riƙe kafaɗun ƙaninsa, Malam ya yi numfashi ta baki. Na shafa wa robar mai, na yi bisimilla, na ɗora.

Ta ƙi.

Hannuna yana so ya tura. Wallahi yana so. Na ji muryar gajeriyar matar nan a kunnena, na janye. Na jira Malam ya saki numfashi, na sake ɗorawa, na ɗan murza ta tsakanin yatsu kamar mai zura zare a allura, ba ƙarfi. Ta tsaya, ta tsaya, sai na ji ta sulale. Na bi ta har alamar. Wani farin ruwa mai tsaki-tsaki ya hauro a cikinta, gumbar Inna. Na lanƙwasa bakin na ɗaure, na manne da filasta ta ko'ina.

Malam ya ce da 'yar murya, "A ɗan zuba ruwa a gani ko ta yi."

"Ko ɗigo. Yaya, duƙa."

Wan mijina ya goya ƙaninsa har bakin titi, ba hula, rawani a hannuna.

Akwai likita a asibiti ranar Lahadi, ashe. Wani saurayi ne, ya duba, ya danna cikin ko'ina yana kallon fuskar Malam, ya zare tawa ya sa babba sabuwa ta ramin nan dai, ba yanka. Ya tambaya ta bakin wani mai shara da ke jin Hausa wa ya sa ƙaramar. Aka nuna ni. Ya ce da an kwana, da sai wuƙa. Suka riƙe shi kwana uku suna auna zafin jikinsa, ko wani abu ya zuba inda bai kamata ba. Allah ya tsare.

Litinin Sista Abigel ta zo. Ta ji labari, ta nufi Yaya yana zaune a baranda da carbi.

"Malam, kai ne likitan tsintsiya?"

Ya ɗago a firgice, jin Zamfarci daga bakin mai gicciye.

"Da tsinke! Cikin mutum! Rijiya ka ɗauke shi? Ina gumbar take?"

Na miƙa mata sauran busasshiyar da ba a dama ba. Ta buɗe kallabin, faɗan ya tsaya. Ta gutsura ta sa a baki a tsaye, cikin fararen kayanta. Ta ce barkonon ya yi yawa, shi ya sa idonta ke ruwa. Na ce awo, Inna tana da nauyin hannu. Na bar mata rabi.

Yaya bai ba ni haƙuri ba, har ya koma ga Allah bai ba ni ba, ni ma ban nema ba. Amma ya fasa komawa Tsafe a satin. Ranar da muka dawo Sabo ina tace koko, sai na ga mutum ya tsuguna ya kama ɗaya gefen ƙyallen. Sauran gumbar mun jiƙa ta, na niƙa a dutsen matar maigida, muka tace sau uku, na dafa ta ruwa-ruwa. Tsakin da ya rage Malam ya tauna ya tofar.

"Ƙamshin ne, Kulu," ya ce mini da Yaya ya fita alwala. "Ɗakin Inna na ji. Na san ba daidai ba ne."

Na ce, "In ka sake, ni zan zare ta da kaina in rataye ka da ita."

A wata na bakwai likitan maƙoshi ya kira mu, Sista tana fassara. Maƙoshi ya buɗe iya ruwa da koko marar kauri, ya tsaya nan. Abin da zai bi ta baki ba zai riƙe namiji ba. Roba za ta zauna, watakila har abada. Ya rubuta wa asibitin Gusau takarda su riƙa canja ta. Malam ya ce alhamdu lillahi, ya tambaya ko zai iya riƙe fartanya. Aka ce a hankali, da ɗamara. Sista ta raka mu har ƙofa, ta cusa mini ƙananan robobi biyu da gwangwanin farin mai. Na ce ta zo Gusau. Ta ce za ta zo. Ba ta zo ba, ni kuma ban san inda zan aika wasiƙa ba lokacin da na iya rubuta ta.

Na bi ta Rawayya kafin in shiga Bungudu. Lantana ta leƙo daga bayan zanen ƙanwata, na miƙa hannu, ta fashe da kuka ta gudu. Sai da na yi sati ina saye ta da ƙuli-ƙuli.

A gida tsakar gida ta cika, kowace mace da ƙwaryar fura a hannu an kawo wa marar lafiya. Yaya ya tsaya a bakin zaure yana karɓa yana godiya yana jerawa a gefe. Da la'asar mutane suka ragu, lokacin abincin Malam ya yi. Na tace koko, na jingina shi da bango, na kwance ɗamara. Sai ga Inna ta shigo da sandarta. Ta tsaya tana kallon robar da ke fita daga cikin ɗanta. Ta daɗe. Ban gaishe ta da baki ba, hannuna yana riƙe da mazurari.

Ta aje sanda, ta zauna da ƙyar. Ta miƙo hannu wajen kofin.

Na ce, "Sai kin wanke hannu, Inna."

Yaya ya sunkuyar da kai. Tsohuwar ta dube ni, ta dubi tafin hannunta, ta ce a kawo buta. Ta wanke, ta ɗauki kofin, ni ina riƙe da mazurari. Ta tuntsura shi kamar mai ba maraƙi.

"A hankali, Inna. Bari ya sauka da kanshi."

Ta sassauta. Muka zuba ido mu biyu, kanmu kusan a haɗe, koko yana sauka kaɗan-kaɗan.

"Yana jin daɗinshi kuwa?" ta tambaye ni. Maganarta ta farko gare ni ke nan tun ranar ƙwarya.

Malam ya ɗora tafinsa a gefen ciki. "Ina jin ɗuminshi, Inna. Nan."

Ta ce, "To ƙaro, Kulu."